Motar da Ke Kai Mutanenmu Gida

Motar babanmu doguwa ce, fara, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake kira wagon, kuma kusan sa'ata ce. Ya saye ta a hannun wani tun yana koyarwa, ya yi ritaya da ita, ya koya mini tuƙi da ita a filin makaranta a Samaru, yana faɗa ina faɗa. A shekarun da nake ba da labari, wato bayan shigowar dubu biyu, ni ma na fara koyarwa a firamare, ina zaune gidan iyayena, kuma ni kaɗai ce cikin 'ya'yansa yake yarda ya miƙa wa makulli.

Mu mutanen kudancin Kaduna ne, aiki ya kawo iyayenmu Zariya. A wajenmu, duk daɗewar mutum a birni, in ya rasu gida ake kai shi, a kwantar da shi kusa da iyayensa. Tunda motar Baba ce kaɗai a majami'armu da akwatin gawa ke shiga bayanta ya miƙe, sai aikin ya zama nasa ba tare da wani ya naɗa shi ba. Ya cire rabin kujerar baya ya ajiye a ɗaki, ya shimfiɗa tabarma a wurin. In an yi rasuwa, kafin a gama kuka na farko za ka gan shi a ƙofar gida yana duba mai da ruwa. Ban taɓa jin ya ce ya gaji ba, ko da yake mahaifiyarmu ta sha faɗa a madadinsa.

Shekara da shekaru motar tana wannan aiki lafiya lau, sai ta ɓullo da wani hali. A fita da gawa daga Zariya, a wuce Kaduna, a kama hanyar Kaciya, sai allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa. Kafin ka ce me, tururi na fita ta gefen bonet. Dole a tsaya a bakin titi, bas ɗin 'yan rakiya ta tsaya a baya, mata su sauko su tsaya cirko-cirko, masu wucewa suna rage gudu suna leƙen akwati. Baba ya jira inji ya huce, ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe lagireto, ya ɗura ruwa, a tashi. Can gaba a sake. Akwai gawar da ba a isa da ita ba sai da rana ta faɗi, aka binne da fitila, dangin suna ta sannu da hanya amma fuskarsu ba ta ce haka ba.

Abin haushin, da an juyo gida sai mota ta koma mutuniyar kirki. Allura ta zauna a tsakiya tun daga ƙauye har Kwangila, mashigar Zariya. A cikin gari kuwa, ko a cunkoson kasuwar Sabon Gari da tsakar rana, ko gezau.

Makanikenmu wani Inyamuri ne haifaffen Sabon Gari, garejinsa na ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro ta wajen Jushi. Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi. Kowa Oga yake ce masa, har Baba da ya girme shi nesa ba kusa ba. Shi ya fara bin ciwon daki-daki, ni kuma ina zaune a kan benci ina cika ina batsewa, don ranakun Asabar ɗina ne ke tafiya.

Ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya canja murfin lagireto, ya ce robar ta mutu. Ya matsa tiyoyin ruwa da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya canja wanda ya yi laushi. Ya ja fanbel, bel ɗin da ke juya fanka, ya ga ya saki, ya sa sabo. Muka tafi da murna. Aka yi rasuwa, aka tafi, mota ta tafasa. Muka koma, ya cire lagireton gaba ɗaya ya kai wa masu wanki, suka fasa kansa da wuta, suka bi ramukan da siririn ƙarfe, suka fitar da tsatsa da farin dutsen da ruwan rijiyar gidanmu ya tara. Da na ga abin da ya fito, na ce to, an kama ɓarawo. Aka sake tafiya da gawa, ta sake tafasa.

Daga nan Oga ya cire famfon ruwa ya duba fukafukansa, ya ga ba su cinye ba, ya mayar. Ya nemi ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama, ya tarar tun zamanin mai motar na farko wani ya cire ya yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ya tayar da inji ya bar lagireto a buɗe, ya tsuguna yana kallon ruwan ko zai yi kumfa. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya shafa a yatsa ko ya yi fari kamar an zuba masa madara. Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina. Sannan ya miƙe ya goge hannu.

"Baba, gaskit ɗin kan injinka lafiya yake. Ni dai ban ga ciwo a motar nan ba."

"To ciwon a jikina yake ke nan?" in ji Baba.

"Ban ce ba. Amma duk ranar da ka kawo mini ita, lafiyayya kake kawowa."

Masu shawara kuwa ba su bar mu mun sha ruwa ba. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, wani ya ce garin taba, wani ya ce garin rogo. Makanikan da ke maƙwabtaka da Oga duk bakinsu ɗaya, a buɗe inji kawai a huta. Ni ma ina bayansu, har na ce masa in tsoro yake ji ya faɗa mu kai wani wuri. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malama, injin da ya kai wannan shekaru, in na buɗe shi ba dalili, ba zai koma yadda yake ba. Ki bar ni in ga laifinsa tukuna." Na ji haushinsa ranar, amma har yau in na ga mai gyara ya ƙi taɓa abin da bai gane ba, shi nake tunawa.

Baba kuma ya yi nasa binciken irin na tsohon malami. Ya ce tunda da kaya take zafi, ba kaya take dawowa lafiya, to nauyi ne. Wata Juma'a cikin hutun makaranta, ranar kasuwar Samaru, ya ari buhunan masara wajen wani abokinsa, aka loda har bayan motar ya zauna, nauyin da ya fi na kowace gawa. Ya ce in tuƙa, shi zai sa wa allura ido. Muka wuce Kaduna, muka kama hanyar Kaciya, muka hau duk tudun da take tafasa a kai, da rana tsaka. Allura ko motsi. Ban taɓa ganin mutumin da lafiyar motarsa ta ɓata wa rai irin na ranar ba. Muka juyo gida da masarar mutane.

Wannan gwajin ne ya ba masu tsegumi abin faɗa. Tunda ba nauyi ba ne, ba nisa ba ne, sai aka fara raɗa a zumuntar mata cewa gawa ce ke ƙin tafiya, wai wanda bai gama da duniya ba shi ke riƙe mota. A majami'a fa, mutanen da ke riƙe da Littafi kowace Lahadi. Har aka fara lissafa waɗanda aka tsaya da su a hanya, ana tono abin da suka yi da rai. Na ji wata ta faɗa a bayana, na juya na wanke ta tas, mahaifiyarmu ta ja ni da ƙyar.

A cikin wannan hali ne malamin waƙa na majami'armu ya kwanta ciwo. Abokin Baba ne tun suna samari, ƙauyensu na kusa da namu, tare suka zo Zariya, shi ya tsaya wa Baba a ranar aurensa. A unguwar Palladan yake zaune da matarsa. Ciwon ya yi nisa, kowa ya sani, shi ma ya sani, bai kuma ɓoye ba. 'Ya'yansa da ke aiki a Kaduna suka fara maganar za su ɗauko motar asibiti in lokaci ya yi, don kada a tsaya da ubansu a titi a ba masu raɗa abin faɗa. Ban ga laifinsu ba.

Na raka Baba gaishe shi wata yamma. Ya rame har zoben aurensa na yawo a yatsa, amma bakin nan yana nan. Ya kama hannun Baba ya ce, "Na ji yara na shirya mini baƙon direba. Ni ban san shi ba, me za mu tattauna a hanya? Kai ka kawo ni garin nan da surutunka, kai za ka mai da ni."

Baba ya ce, "Malam, motar ba ta da lafiya."

"Ni ina da ita ne? Mu lallaɓa tare. Amma ka kai ni da rana, ina so a ga fuskar masu waƙa."

Baba ya ce ya yi alkawari. A mota da za mu dawo na ce ya ba ni in tuƙa, ya ƙi. Washegari da sassafe yana garejin Oga, ya faɗa masa komai. Oga ya ce, "Ranar, ku aiko mini. Zan rufe gareji in bi ku. Tunda ba ta yi a gabana, ni zan je inda take yi."

Malam ya rasu cikin bazara, lokacin da zafi ke sa kwalta laushi. Matarsa ce ta tsaya wa 'ya'yan a kan maganar mota, ta ce abin da mijinta ya faɗa shi za a yi. Ranar tafiya muka taru a mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, da hantsi. Aka sa akwati a baya, ni na takure a rabin kujerar da ke gefensa, matar Malam ta zauna gaba kusa da Baba. Oga ya zo da jakar kayan aikinsa da jarkokin ruwa, sanye da farar riga, ranar na fara ganinsa ba baƙin mai. Ya shiga bas tare da mawaƙa. Matasa suka ɗaura hoton Malam a gaban mota kamar yadda aka saba, aka yi addu'a, muka tashi.

Sai na faɗi yadda hoton nan yake. Da can, ɗanyen ganye ake soka wa a gaban motar gawa, sai ɗan ƙaramin hoto a jikin gilashi. Da shagunan kwamfuta suka cika Samaru saboda ɗalibai, aka fara buga manyan hotuna masu launi, da suna da shekaru da ayar ta'aziyya a ƙasa. Wani kafinta a majami'armu, don ƙauna, ya yanka allon katako daidai faɗin gaban motar Baba, daga fitila zuwa fitila, ya huda kusurwoyin ya sa igiya. Kowace rasuwa sai a manna sabon hoto a kai a ɗaura. In an isa ƙauye a kwance, a jingina a bakin kabari, bayan an gama a ɓare hoton a ba dangi, allon kuma ya dawo a ƙarƙashin tabarma. Kowa na yaba kafintan, har wasu majami'u suka kwaikaya.

Mun wuce Kaduna lafiya. Ina leƙen allura ta saman kafaɗar Baba, shi ma ita yake kallo fiye da titi. Da muka fara hawan tudun farko a hanyar Kaciya, ta ɗaga. Ta ƙara ɗagawa. Baba ya rage gudu, ya kashe rediyon da dama ba a kunne yake ba. Matar Malam ba ta san karatun allura ba, amma ta san fuskar Baba, sai ta fara kuka a hankali tana cewa, "Kada ka yi mini haka, kai da ka ce a kai ka." Da mijinta take. A nan na gane raɗar nan ta shige ta. Baba ya sauka gefen titi kafin tururi ya fito.

Kafin bas ta gama tsayawa Oga ya diro. Ya ce kada a kashe inji. Ya ɗaga bonet, fanka na juyawa, fanbel a ɗaure, ba ɗigon ruwa ko ɗaya a ƙasa. Ya taɓa tiyon sama ya janye hannu, ya taɓa na ƙasa ya janye, ya ce duka biyun wuta ne, ruwa na zagayawa amma ba ya hucewa. Ya tura hannu bayan lagireto inda iska ya kamata ta riƙa busowa, ya daɗe a haka, ya ɓata fuska. Sai ya zagayo gaba don ya leƙa ramukan lagireton ko ciyawa ta toshe su. Bai ga komai ba, don Malam na tsaye a wurin da kwat ɗinsa yana murmushi. Oga ya kai hannu zai ɗan karkata allon ya leƙa, sai hannun ya tsaya.

Shi ma fa da safe yana wurin aka ɗaura, ya ma taya riƙe igiya, domin a wajensu ma haka ake yi. Ya ja Baba gefe, na bi su.

"Baba, ta ina motar nan za ta sha iska?" Murya ƙasa-ƙasa ya faɗa. "Mun toshe mata hanci da katako, muna kora ta a tudu da rana. Ranar masara akwai hoto?"

Baba ya dubi allon, ya daɗe yana dubansa. Ya ce babu.

"In za ku dawo fa?"

"Yana ƙarƙashin tabarma."

Ni dariya ce ta taso mini, da kuka, da haushin duk Asabar ɗin da na kashe a kan benci, na rasa wanda zan fara. Amma saura aiki, kuma ba na makanike ba ne. 'Ya'yan Malam suna tsaye, mawaƙa sun sauko, masu raɗa suna ciki. Wa zai je ya ce a cire hoton mamaci daga gaban mota a tsakiyar hanya, a gaban matarsa? Oga da kansa ya ja da baya ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Baba bai yi wa kowa bayani ba. Ya je ya tsuguna, ya kwance igiyoyin da kansa ɗaya bayan ɗaya, bai yanke ba. Ya ɗaga allon da hannu biyu, ya goge ƙwarin da suka mutu a fuskar hoton da hannun rigarsa, ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba.

"Maman yara, rana ta yi masa yawa a waje. Shekara nawa kuna tafiya tare, yau kuma a bar shi shi kaɗai a gaba? Karɓi mijinki, ku ƙarasa tare."

Ta karɓa. Allon ya fi ƙarfin cinyarta, sai ta tsayar da shi a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta rungume saman, ta kwantar da kumatu a kai. Babu wanda ya ce don me. Babban ɗan ya juya ya rufe fuska da hula. Ni kuwa ina kallon mahaifina, tsoho mai taurin kai da muke faɗa kullum a kan giya da birki, na ji ban taɓa ƙaunarsa kamar lokacin ba.

Inji na kunne duk wannan lokaci, kuma kafin mu gama shiga allura ta fara sauka da kanta. Oga ya bar bas ya matso kusa da ni, muka takure mu biyu a gefen akwati, ya ce sai ya gani da idonsa. Muka hau tudun da ya saura, da na bayansa, da duk wuraren da na haddace saboda tsayuwa. Allura na tsakiya. Can Oga ya sunkuyo ya ce mini, "Malama, da na buɗe injin fa?" Na ce ya yi mini shiru, muna cikin makoki.

Mun isa da sauran rana sosai. Mutanen ƙauye suka tarye mu da waƙa tun daga bakin rafi, mawaƙanmu suka sauko suka amsa, ana ganin fuskar kowa. Matar Malam ta fito rungume da hoton, ba ta ba kowa ba har bakin kabari. Baba ya buɗe bayan mota, kafin matasa su ja akwatin ya dafa shi ya ce, "Malam, mun iso. Ka yafe mini tsayuwar nan guda." Sai a nan ya yi kuka.

Daga ranar ba a sake ɗaura allo a gaban motar ba. Ganye ya dawo, hoto kuma mai takaba ke riƙewa a kujerar gaba, har mutane suka ɗauka tsohuwar al'ada ce. Baba ya je da kansa ya faɗa wa kafintan dalili, su biyu kawai, don kada ya ji a bakin wani. Raɗar zumuntar mata ta mutu ba wanda ya yi mata jana'iza. Motar ba ta sake tafasa ba.

Da ranar Baba ta zo, bayan 'yan shekaru, ba a yi gardamar wanda zai tuƙa ba. Oga ya duba mai da ruwa da safe, ya miƙo mini makulli. Mahaifiyarmu ta zauna kusa da ni da hotonsa a ƙirji. Muka wuce Kaduna, muka kama hanyar Kaciya, ina ta kallon allurar nan. Allah ya sani, so nake ta ɗaga ko kaɗan, in sami dalilin tsayawa a bakin titi in ƙara ɗan zama da shi. Ba ta ɗaga ba, muka isa da rana.